SHIN MAMA TANA KALLON MU?

Kafin in shiga maganar da ta kawo ni, ya kamata mai karatu ya san cewa ni Kirista ne, kuma daga cikin gidan Kiristanci zan yi bayanina. Na san da yawa daga cikin masu riƙe da wannan mujalla 'yan'uwana ne Musulmi da muke zama aji ɗaya, muna fama da nahawu da tsarin sauti tare, don haka duk inda na kawo wata kalma ta coci zan ɗan warware ta. Mutuwa dai rigar kowa ce, kuma babu gidan da ba a taɓa rarrashin maraya a cikinsa ba.

Mahaifiyarmu ta rasu a watan Agusta, shekara uku ke nan, lokacin ina aji ɗaya a nan jami'a. Kwana na yi a mota kafin in isa garinmu a kudancin Kaduna. Ko da na sauka an riga an kafa rumfuna, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, sun cika tsakar gida da ankonsu, suna waƙa suna buga tulu. Autarmu tana da shekara tara a lokacin. A bakin kabari ta riƙe akwatin gawar ta ƙi saki, har sai da wata dattijuwa ƙawar Mama ta rungume ta, ta ce mata, "Yi shiru 'yata. Mama ba ta yi nisa ba, tana sama tana kallon ki, ita ce za ta riƙa tsaron ku yanzu." Nan take yarinya ta yi shiru. Ni kaina da nake ganin na girma, sai da maganar ta sanyaya mini zuciya, kuma har gobe ina gode wa dattijuwar nan, domin da kyakkyawar niyya ta faɗa.

To amma magana zarar bunu ce. Bayan an watse daga zaman makoki, Gwaggo ta dawo gidanmu don ta riƙe yara, sai wannan magana ta rarrashi ta koma bulala a hannunta. In Auta ta fasa kwano, "Uwarki tana kallon ki." In ta makara zuwa makarantar Lahadi, "Haka za ki sa uwarki kuka a sama?" Ban san abin ya yi nisa ba sai wata rana da daddare da ta karɓi wayar Baba ta kira ni, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yaya, in ina wanka ma Mama tana ganina?" Na fashe da dariya, sai na ji ita ba dariya take yi ba. Ashe ta yi makonni ba ta yarda ta kwanta sai fitila na kunne. Ba a yi wata biyu ba ɗan acaɓa ya buge Baba a hanyar kasuwa ya karye a ƙafa, ta sake kirana da tambayar da ta fi ta farko nauyi: "In ita ce take tsaron mu, me ya sa ta bari?" Na yi ta 'yan kame-kame har kuɗin wayar ya ƙare. Wannan kunya da na sha a gaban yarinya 'yar shekara tara ita ce ta kai ni ga buɗe littattafai, kuma abin da na tarar shi ne nake so in baje a nan.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da na fara lura da shi shi ne dattijuwar nan ta cusa abubuwa uku a cikin jimla ɗaya. Ta ce Mama tana raye a wani wuri, ta ce tana kallo, ta kuma ce tana tsaro. A Hausa kallo daban, tsaro daban. Wanda ya je filin ƙwallo kallo yake yi, ba shi da ikon taɓa ƙwallon. Maigadi kuwa tsaro yake yi, in ɓarawo ya shiga shi za a tuhuma. Auta ta fi mu manya fahimtar wannan, shi ya sa da Baba ya karye ta tuhumi maigadin da aka ce an naɗa mata.

Batun farko ba shi da wata wahala a wurin yawancinmu. Yesu ya yi wa ɓarawon da aka gicciye tare da shi alkawarin Firdausi a ranar nan (Luka 23), Bulus kuma a wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa ya ɗauki mutuwa a matsayin tafiya zuwa wurin Almasihu, har ya ce ta fi masa zama a duniya. Akwai Kiristocin da ke ganin matattu barci suke yi ba su san komai ba sai ranar tashin ƙiyama, kamar 'yan cocin Adventist masu sujada ran Asabar, sai dai Katolika da Angilika da ECWA da COCIN da sauran manyan ɗarikun da muka sani a Arewa duk sun tafi a kan cewa mai bi yana farke a wurin Ubangijinsa. A nan na tsaya ni ma. Rigimar tana kan sauran biyun.

Ayar da aka fi jawowa a wa'azin jana'iza ita ce farkon sura ta 12 ta wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, inda marubucin ya kwatanta rayuwar mai bi da tseren gudu, ya ce akwai ɗimbin shaidu kewaye da mu. Masu wa'azi kan zana hoton filin wasa, magabata suna zaune a kan benci suna yi mana tafi. Hoton yana da daɗi, kuma ba zan ce babu ƙamshinsa a ayar ba, tunda maganar tsere ake yi. Amma mu duba kalmar shaida ɗin kanta. A Hausa ana cewa mutum shaida ne don ya gani da idonsa, ana kuma cewa shaida ne don ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abin da ya sani. Kalmar Girkancin da aka fassara ita ce daga baya ta zama sunan wanda aka kashe saboda imaninsa, kamar dai yadda shaida da shahidi suka fito daga saiwa ɗaya a Larabci. Idan aka koma sura ta 11, za a ga jerin mutanen da ake nufi, su Habila da Nuhu da Ibrahim da Saratu da Musa da Rahab, kuma abin da aka yi ta nanatawa a kansu shi ne yadda rayuwarsu ta tabbatar da amincin Allah. Wato an kira su ne su ba da shaida a gabanmu. Aya ta biyu ma da ta zo faɗin inda mai tsere zai sa ido, wurin Yesu ta nuna, ba ta ce ya waiwayi benci ba.

Sai labarin mai arziki da Li'azaru a Luka 16. Mai arzikin yana cikin azaba amma ya tuna yana da 'yan'uwa biyar a gidan ubansa, ya roƙi Ibrahim ya aika musu da gargaɗi. Wannan ya nuna mini cewa mutuwa ba ta goge tunanin dangi, kuma in har wanda ya hallaka ya damu da 'yan'uwansa, ina ga uwa mai tsoron Allah? Sai dai tunawa daban, gani daban. Ni ma ina tuna Auta kullum daga nan, amma ban san me ta ci da safe ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne roƙon nasa bai karɓu ba. An ce masa masu rai suna da littattafan Musa da na annabawa, su saurare su.

Akwai wuraren da suka fi waɗannan ƙarfi, kuma adalci ne in kawo su. A Wahayin Yahaya sura ta 6, rayukan waɗanda aka kashe saboda imani suna kuka ga Allah don jinkirin sakayyarsu, alamar sun san har yanzu ba a yi hukunci a duniya ba. A Luka 9, Musa da Iliya sun bayyana a kan dutse suna zance da Yesu game da abin da zai same shi a Urushalima, alamar suna da labarin abin da ke tafe. A Luka 15 an yi maganar farin ciki a sama idan mai zunubi ɗaya ya tuba, ko da yake mala'iku aka ambata a wurin. A ɗaya gefen kuma akwai Ayuba 14, inda aka ce mamaci bai san ko 'ya'yansa sun sami ɗaukaka ko sun ƙasƙanta ba, da Ishaya 63, inda jama'a ke kuka ga Allah suna cewa kakansu Ibrahim bai san da su ba, da sura ta 9 ta littafin da tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 ta kira Mai-Wa'azi, fassarar baya ta kira Mai Hadishi, wadda ta ce matattu ba su da sauran rabo a cikin abin da ake yi a duniya. Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta Sarki Yosiya a 2 Sarakuna 22. Annabiya Hulda ta aika masa cewa saboda tawali'unsa, Allah zai ɗauke shi kafin masifar da za ta auka wa Urushalima, don kada idonsa ya gan ta. In da matattu suna kallon duk abin da ke faruwa, ina alherin da aka yi wa Yosiya? Da an canja masa wurin zama ne kawai, daga fada zuwa bene mafi tsawo inda zai fi ganin wutar da kyau.

Ina cikin wannan laluben ne na ci karo da wani ɗan Afirka da ya riga ni yin tambayar da shekaru dubu ɗaya da ɗari shida, wato Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya ta yau. Wajajen shekara ta 421 wani abokinsa, Paulinus bishop na Nola a Italiya, ya aiko masa da tambaya ko binne mutum kusa da kabarin wani tsarkaka yana amfanar mamacin. Amsar da ya rubuta ta zama ɗan ƙaramin littafi a kan kula da matattu, kuma a cikinsa ya shiga maganar mafarki. Ya ba da labarin da ya ji a Milan, na wani saurayi da aka zo wa da takardar bashin mahaifinsa marigayi, alhali uban ya riga ya biya. Saurayin ya shiga damuwa, da dare sai uban ya zo masa a mafarki ya nuna masa inda rasit ɗin yake, ya duba ya same shi. In da a garinmu aka yi wannan, da magana ta ƙare, kowa zai ce ga hujja. Agustin kuwa sai ya ɗora wani labarin a kai. Wani tsohon ɗalibinsa mai suna Yulojiyus yana koyarwa a Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yanzu, ya tarar da wani wuri mai wuya a littafin Sisero da zai karantar washegari, ya kwanta da damuwa. A mafarki sai ga Agustin ya zo ya warware masa wurin tsaf. Alhali a daren nan Agustin yana raye a Milan, a ƙetaren teku, bai san ana yi ba, sai da ya koma Afirka ɗalibin ya ba shi labari. To, in ji shi, in ana iya ganin mai rai a mafarki ya yi taimako ba da saninsa ba, me zai hana a ga mamaci haka nan ba da saninsa ba?

Daga nan ya kawo hujjar da ta sa na ajiye littafin na fita waje na ɗan zaga. Mahaifiyarsa Monika ta rasu a Ostiya a shekara ta 387. Mace ce da ta yi shekaru tana kuka tana addu'a a kansa, ta bi shi daga Afirka har Italiya don kada ta rabu da shi. Agustin ya ce in da rayukan matattu suna shiga al'amuran masu rai yadda ake zato, da babu daren da uwar nan za ta bari ba ta zo masa ba, kuma ba zai yarda cewa jin daɗin sama ya mayar da ita marar tausayi ba. Ya yi sama da shekara talatin ba ta zo ba. Duk wanda ya san mahaifiyarmu ya san irin su Monika ce. Matar da in na yi kwana biyu ban kira ba sai ta sa a nemo lambar abokin ɗakina, ita ce za a ce tana kallon Auta tana rawar jiki cikin duhu saboda tsoronta, ta kuma yi shiru?

Duk da haka Agustin bai rufe ƙofar ruf ba, kuma ni ma ba zan rufe ba. Ya ce matattu na iya samun labarinmu ta wurin waɗanda suka mutu bayansu suka tarar da su, ko ta wurin mala'iku, ko kuma Allah da kansa ya bayyana musu abin da ya ga ya dace su sani. Ya kuma yarda cewa akan sami taimako ta hannun shahidai, amma ya ɗauke shi a matsayin aikin ikon Allah na musamman, ba wai halin kowane mamaci ne ba.

Abokin ɗakina ɗan Katolika ne daga Binuwai, kuma mun kwana muna wannan muhawara ba sau ɗaya ba. Hujjarsa ita ce, in zan iya zuwa wurin matan Zumunta in ce su sa ni a addu'a, me zai hana in roƙi wanda ya fi su kusa da Allah? Mutuwa ba ta fitar da mutum daga ikilisiya ba. Yakan kawo mini littafi na biyu na Makabi, wanda ke cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika amma ba ya cikin namu, inda aka ga annabi Irmiya a mafarki yana yi wa jama'arsa addu'a ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarsa. Cocinsu ta tabbatar da roƙon addu'ar tsarkaka a Taron Tirent a 1563, kuma ranar 1 ga Nuwamba ta kowace shekara ta tunawa da dukan tsarkaka ce. Mu kuma tun daga shekarun 1530 magabatanmu suka tsaya a kan cewa matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, kamar yadda yake a 1 Timoti 2. Abin da ban sani ba sai da na karanta shi ne, Melankton, abokin aikin Martin Luta, ya amince a rubuce a 1531 cewa tsarkaka a sama suna yi wa ikilisiya addu'a a dunƙule. Abin da ya ƙi shi ne mu kira su, domin babu umarni ko alkawari a kan haka.

Da muka tsefe maganar sai muka ga ko koyarwar Katolika ba ta goyi bayan Gwaggo ba. Malaminsu Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya bayyana cewa tsarkaka suna sanin abin da ya shafe su ne ta wurin ganin Allah, shi yake nuna musu, ba wai suna leƙen tsakar gidan mutane ba. Kuma abin da ake jingina musu addu'a ce, tsaron kuwa na Allah ne. Bugu da ƙari, Katolika ba ya yanke cewa duk wanda ya rasu ya riga ya isa, shi ya sa washegarin ranar tsarkaka, 2 ga Nuwamba, su suke yi wa matattunsu addu'a. Wuri ɗaya ne na kasa haɗiye bayanin Akwinas. Ya ce masu albarka suna iya sanin wahalar danginsu ba tare da baƙin ciki ba, saboda nufinsu ya zama ɗaya da na Allah. Wataƙila haka ne. Amma uwar da za ta ga ƙafar Baba a karye, ta ga Auta ta rame, ranta bai ɓaci ba, na kasa gane fuskar mahaifiyata a jikinta. In kuwa ranta yana ɓaci, ina hutun da Wahayi 14 ya yi wa waɗanda suka mutu cikin Ubangiji alkawari, wanda fasto ya karanta mana a bakin kabarinta? Mace ta yi shekara ashirin da biyar tana tashi da asuba saboda mu, ga noma ga kasuwa, sa'an nan ta mutu mu ce ga aikin gadi mun ba ta, ba dare ba rana. Anya mun yi mata adalci?

A nawa ganin, wannan magana ta "suna kallon mu" ba daga Littafi Mai Tsarki muka fi samo ta ba. Daga gidan kakanninmu muka taho da ita. John Mbiti, malami kuma limamin Angilika ɗan ƙasar Kenya, a littafinsa na 1969 a kan addinan Afirka ya kira waɗanda ba su daɗe da rasuwa ba da sunan da za a iya fassarawa da matattu masu rai. Ya ce muddin akwai wanda ya san mutum da sunansa, har tsara huɗu ko biyar, ana ɗaukarsa ɗan gida ne, yana sa ido a kan ɗa'a, yana kāre iyali, yana kuma horo in an kauce. Byang Kato, ɗan Kwoi kuma jigo a ECWA, wanda ya rasu a teku kusa da Mombasa a watan Disamba na 1975, ya yi wa Mbiti raddi mai zafi a littafin da ya fitar a shekarar, yana tsoron kada a garwaya bishara da addinin gargajiya. Ba sai na shiga tsakanin manya ba, amma bayanin Mbiti ya yi daidai da abin da kakata ta ba ni labari. A garuruwanmu da dama kafin zuwan mishan, dodo ne muryar kakanni. Da dare yake kuka daga kurmi, maza da aka shigar sun san sirrin, mata da yara kuwa sai su shige ɗaki, kuma da sunansa ake tsawata wa macen da ta yi tsiwa da yaron da ya yi ƙiwuya. Da na tuna wannan sai na gane abin da Gwaggo take yi. Ita ba ta taɓa zuba wa kabari burkutu ba, shugaba ce ma a Zumunta, amma ta ɗauki aikin dodo ta ba mahaifiyarmu.

Ba ina raina al'adarmu ba ne. Akwai abu mai kyau a cikin mutanen da ba sa yarda su manta da nasu, kuma na fi son hakan da halin waɗanda ke binne mutum yau, gobe su raba gado su rufe babinsa. Matsalar ita ce ƙofar da ake buɗewa. Shekara ɗaya da rabi bayan rasuwar Mama, da aka fara maganar Baba ya sake aure, wani mai kiran kansa annabi ya aiko cewa ya ga marigayiya a wahayi tana fushi, kuma sai an kawo sadaka ta musamman an yi azumin kwana bakwai kafin ta huce. Akwai waɗanda suka tsorata a cikin dangi har suka fara haɗa kuɗi. Baba ne ya ɗauko Maimaitawar Shari'a sura ta 18, inda aka haramta neman magana da matattu, ya karanta musu, ya tuna musu da Sarki Saul da ya je wurin mai duba a Endor aka kira masa Sama'ila, abin da ya samu kawai shi ne faɗa a kan ya dame shi, da labarin mutuwarsa washegari. Sa'an nan ya ce matarsa ba ta taɓa aiko masa da saƙo ta bakin baƙo ba tana da rai, ba za ta fara yanzu ba. Duk wanda ya yarda cewa mamaci yana sa ido yana fushi, ya riga ya zama kasuwa ga duk wanda zai ce ya san abin da zai faranta masa.

Wani zai ce ina tsananta abu, ai rarrashi ne kawai, wa zai tsaya yi wa yarinya tafsiri a bakin kabari? Gaskiya ne, kuma na riga na ce ban ga laifin dattijuwar nan ba. Ni ma ranar da shekara ta zagayo na ga abokaina suna rubuta wa iyayensu marigaya a Facebook cewa su ci gaba da lura da su, ban taɓa bin kowa da gyara ba, domin na san kewa ce take magana. Na kuma yi mafarkin Mama daren da zan shiga jarrabawar tsarin sauti, tana ce mini in ci abinci tukuna, na farka ina hawaye, kuma ba zan sayar da mafarkin nan ko nawa za a ba ni ba. Amma babba ya san inda kwatanci ya tsaya, yaro kuwa ɗaukar magana yake yi yadda aka faɗa. In ka ce masa uwarsa ce maigadinsa, ranar da ɓarawo ya shiga, ko dai ya ce uwarsa ta daina son sa, ko ya ce manya maƙaryata ne, kuma duk wanda ya zaɓa a cikin biyun sai ya taɓa imaninsa. Ga shi kuwa muna da abin faɗa wanda ba sai mun yi ƙari ba. Zabura 121 ta yi maganar mai tsaron da ba ya gyangyaɗi, kuma Allah take nufi. Ibraniyawa sura ta 1 ta ce mala'iku ne aka aiko su yi wa masu bi hidima, ba ta kuwa ce mutum yana zama mala'ika in ya mutu ba, duk da abin da ake bugawa a jikin riguna da kalandun jana'iza. Bulus da ya tashi ta'azantar da Tasalonikawa a kan matattunsu, da tashin matattu da sake haɗuwa ya ta'azantar da su, bai ce musu ana kallon su ba.

Da na koma gida hutun Kirsimeti na wannan shekarar, sai da na fara samun Gwaggo a ɗakinta, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, ina da roƙo. In Auta ta yi laifi ki yi mata faɗa da bakinki, ko ki haɗa ta da Baba, amma a bar Mama ta huta." Ta yi shiru, ta ce yaran zamani da sun shiga jami'a sai su dawo suna koya wa manya addini. Amma ban sake jin ta faɗa ba. Da yamma muka zauna da Auta a gindin mangwaro, na gaya mata abin da na iya tsayawa a kai. Mama tana wurin Yesu, tana lafiya, ba ta ciwo. Ba ta manta da mu ba. Ba ta leƙen kowa a banɗaki, ba ta kuma kuka don an fasa kwano. Wanda yake tsaron mu shi ne wanda ya tsare ita Mama tun tana yarinya, kuma karayar Baba ba sakacin kowa ba ne a sama. Ta yi ta wasa da ƙasa da yatsan ƙafarta, can ta ce, "To tana yi mana addu'a?" Na ce ina sa rai haka, tunda ba ta taɓa fashi ba tana nan.

A bana ta ci jarrabawar shiga sakandare. Ta kira ni tana ihu, bayan ta gama murna sai ta yi shiru, ta ce, "Yaya, kana ganin an gaya mata?" Na ce mai yiwuwa ne, in Allah ya ga dama yana da masu kai saƙo. Ta ce to, ita dai ta ninke takardar sakamakon ta sa a cikin tsohon littafin waƙoƙin Mama, wanda bangonsa ya yage, kuma kada in taɓa shi in na zo.